Kundina yana wargajewa idan an buɗe shi a wata kwamfutar, yaya zan ga inda matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen Hausa, ina rubuta kundin kammala digiri. Na buga aikin a Microsoft Word a kwamfutar yayana, komai ya zauna daidai. Da na kai fayil ɗin shagon buga takardu aka buɗe, sai ga taken Babi na Biyu a gindin shafi, lambobin da ke ƙumshiya sun daina dacewa da shafuka, wasu sakin layin sun fi wasu tazara, sannan ƙ da ɗ a wasu wurare sun koma } da ]. In na gyara nan sai can ya lalace. Shin akwai hanyar da zan ga abin da ke ɓoye a cikin rubutun in gyara shi gaba ɗaya, ko kuwa sai na sake bugawa?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba sai kin sake bugawa ba. In na fahimce ki, abu biyu kike nema: yadda za ki ga abin da ke riƙe da tsarin rubutunki, da yadda za ki gyara shi gyaran da zai ɗore ko an kai fayil ɗin wata kwamfutar. Aikina ke nan, tsara kundin ɗalibai da littattafai kafin su tafi ɗab'i, kuma abin da kika lissafa shi ne kukan kusan duk wanda ya shigo mini da filas a lokacin miƙa aiki. Alamomin sun yi kama da cuta ɗaya, amma sanadinsu daban-daban ne, don haka sai mun bi su sannu a hankali.

Yadda Word yake riƙe tsari

Yawancinmu mun koyi bugu a hannun waɗanda suka koya a kan tafireta, ko a hannun ɗalibansu. A tafireta, in kana son take ya zauna a tsakiya sai ka yi ta danna maɓallin tazara, in kana son sabon shafi sai ka zare takarda ka sa wata. Abin da ka buga ya zauna ke nan, domin tawada ta riga ta hau takarda. Word ba ya ajiye shafi a matsayin shafi. Abin da yake ajiyewa shi ne jerin haruffa tare da umarnin yadda za a jera su, kuma duk lokacin da aka buɗe fayil sai ya sake lissafa inda kowane layi zai ƙare, gwargwadon girman takarda da nau'in haruffan da ya tarar a kwamfutar. In ɗaya daga cikinsu ya canza, lissafin ya canza.

Umarnin nan hawa uku ne. Akwai na harafi: nau'insa, girmansa, kaurinsa, karkacewarsa, har da harshen da Word yake ɗauka an rubuta shi da shi. Akwai na sakin layi: daidaitawa hagu ko tsakiya, tazarar layuka, tazarar sama da ƙasa, shigar layin farko. Sai na sashe: girman takarda, faɗin gefuna, da salon lambar shafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsarin sakin layi yana ajiye ne a cikin alamar da ke ƙarshensa, wadda take shiga duk lokacin da kika danna Enter, ko da ba ki gan ta ba. Tsarin sashe kuma yana cikin alamar raba sashe da ke ƙarshen sashen. Wannan ne ya sa wani lokaci ki goge abin da kike gani fili ne kawai, sai rubutun da ke kusa ya canza kama. Ba fili kika goge ba, ma'ajiyar umarni ce.

Kunna alamomin ɓoye

A shafin Home, cikin rukunin Paragraph, akwai maɓalli mai alamar ¶. Danna shi, ko ki danna Ctrl da Shift da 8 tare, 8 ɗin da ke jerin sama. Nan take za ki ga takardar ta cika da ƙananan alamomi. Kada ki tsorata, ba sa fita a firinta. Ni ban taɓa kashe su a kwamfutata ba. Tela ba ya gane ingancin riga sai ya juya cikinta ya ga ɗinkin, to wannan maɓallin shi ne juya rigar.

Ɗigo a tsakanin kalmomi tazara ɗaya ce. Kibiya mai nuna dama ita ce Tab. Alamar ¶ ƙarshen sakin layi ce. Kibiya mai lanƙwasa tana nufin an karya layi da Shift da Enter ba tare da an buɗe sabon sakin layi ba. Ɗan ƙaramin da'ira a sama tsakanin kalmomi biyu tazara ce da ba ta yarda a raba kalmomin a ƙarshen layi, kuma galibi tana biyo rubutun da aka kwafo daga intanet. Ɗan baƙin murabba'i a gefen hagu yana nuna an ɗora wa sakin layin wani sharaɗi, misali kada ya rabu da na ƙasansa. Za ki kuma ga layin ɗige-ɗige mai rubutun Page Break ko Section Break a inda aka raba shafi ko sashe.

Da kin kunna, tafi ƙarshen Babi na Ɗaya. Ban ga fayil ɗinki ba, amma abin da na saba tararwa a wurin shi ne alamar ¶ goma ko goma sha biyar a jere, kowace a layinta, an yi ta danna Enter har taken babi na gaba ya sauka sabon shafi. A kwamfutar yayanki adadin ya yi daidai. A shago, layi biyu ko uku suka ragu a sama, sai taken ya hauro gindin shafin baya. Haka ƙumshiyar: in da hannu kika buga ta, za ki ga ɗigo-ɗigon da kika jera da lambobin da kika rubuta, waɗanda ba su da wata alaƙa da ainihin shafukan.

Me ya rage layukan? Abu biyu ne suka fi yawa. Na farko girman takarda. Word ɗin da aka girka da saitin Amurka yana farawa da takardar Letter, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, alhali takardar da ke cikin firintocinmu A4 ce, 210 da 297. A4 ta fi tsawo, Letter ta fi faɗi. Mai shago ya ga Letter ya mayar A4, duk layuka sun sake zama. Duba naki a Layout, sannan Size, ki mayar da shi A4 tun kafin ki taɓa komai, domin duk gyaran da kika yi a kan takardar da ba ita ba aikin banza ne. Na biyu nau'in haruffa. In kin yi amfani da wanda babu shi a kwamfutar shagon, Word zai musanya shi da wani ba tare da ya yi shawara da kowa ba, kuma faɗin haruffan ba ɗaya ba ne. Word ya yi amfani da Times New Roman a matsayin na farawa har zuwa fitowar 2007 da ta koma Calibri, sababbin fitowa kuma sun koma Aptos, wanda tsofaffin kwamfutocin shaguna ba su da shi.

Tambayar rubutu abin da ke jikinsa

Alamar ¶ tana nuna abin da aka danna, amma ba ta faɗin dalilin da ya sa wannan sakin layin ya fi wancan tazara. Don wannan, ajiye alamar bugu a cikin sakin layin ki danna Shift da F1. Wani allo zai buɗe a dama mai suna Reveal Formatting, wanda yake cikin Word tun fitowar 2002 amma ba kasafai ake koyar da shi ba. Waɗanda suka yi zamani da WordPerfect, wata tsohuwar manhajar bugu, suna yawan kewar Reveal Codes, inda ake ganin kowane umarni a jere cikin rubutun. Word ba ya nuna nasa haka, wannan allon shi ne mafi kusa.

Zai jero miki komai ƙarƙashin Font da Paragraph da Section. Kowane kan bayani mai launin shuɗi, in kin danna shi, zai kai ki akwatin da ake canza abin. Ƙananan akwatuna biyu da ke cikinsa su ne suka fi amfani a wurina. Compare to another selection yana ba ki damar danna sakin layi mai kyau, ki sa alama a akwatin, sannan ki danna wanda ya lalace, sai ya nuna miki bambancinsu kawai. Sau da yawa za ki ga ɗaya yana da tazarar ƙasa 8, ɗayan 0, ko ɗaya tazarar layinsa 1.08, wadda wasu fitowar Word suke farawa da ita, ɗayan kuma 2. Ido ba ya iya tantance wannan, sai dai ya ji wani abu bai zauna ba. Ɗaya akwatin, Distinguish style source, shi ne yake raba abin da ya fito daga salo da abin da aka shafa da hannu daga baya. Gyaran gaba ɗaya a kan wannan bambancin ya rataya.

Salo, da gyaran hannu

Kowane sakin layi a Word yana da salo, ko kin zaɓa ko ba ki zaɓa ba. In ba ki zaɓa ba, sunansa Normal. Salo tarin umarni ne da aka raɗa wa suna: in an canza shi wuri ɗaya, duk sakin layin da ke ƙarƙashinsa sun canza. Gyaran hannu kuma shi ne ki zaɓi rubutu ki danna B don kauri, ki canza girma, ki tura shi tsakiya. Gyaran hannu yana hawa kan salo ya rinjaye shi. Kundin da aka yi wata shida ana bugawa, an kwafo wani yanki daga waya, wani daga intanet, wani daga aikin ƙawa, yana ɗauke da gyaran hannu iri-iri a kan juna. Shi ya sa in kin gyara nan can yake lalacewa.

Ga yadda nake bi. Kafin komai, ki yi Save As da sabon suna, ki ajiye tsohon kada ki taɓa shi. Sannan ki ɗauko takardar ƙa'idojin sashenku. Sassa da yawa suna neman Times New Roman mai girma 12 da tazara biyu, amma na ga masu bambanta, musamman a faɗin gefen hagu saboda ɗinki, don haka takardar sashenku ce hujja, ba ni ba. A shafin Home, danna salon Normal da maɓallin dama na linzami, zaɓi Modify, ki sa waɗannan ƙa'idojin a ciki. Ki yi wa Heading 1 haka don taken babi, Heading 2 don ƙananan kanu irin 1.1 da 1.2. Za ki tarar da su da launin shuɗi, ki mayar da su baƙi. A cikin Heading 1, shiga Format, sannan Paragraph, sannan Line and Page Breaks, ki sa alama a Page break before. Daga nan duk taken da ke kan wannan salon zai fara a sabon shafi da kansa, a kowace kwamfuta, ko an ƙara shafi goma a gabansa. Sai ki bi takenki ɗaya bayan ɗaya: Ctrl da Alt da 1 na babi, Ctrl da Alt da 2 na ƙaramin kai. In taken babi layi biyu ne, wato BABI NA BIYU sannan sunansa a ƙasa, ki raba su da Shift da Enter don su zama sakin layi ɗaya, in ba haka ba kowane zai kama shafinsa.

Sauran rubutun fa? Ctrl da Q yana cire gyaran hannu na sakin layi ya mayar da shi kan salonsa. Ctrl da maɓallin tazara yana cire na haruffa. Na biyun nan yana da haɗari ga ɗalibar Hausa, domin zai share karkatattun haruffan da kika yi wa misalan karin magana, baitocin waƙa da sunayen littattafai a manazarta. Shi ya sa ba na yarda a zaɓi kundin duka a danna shi. Babi-babi nake bi, manazarta kuma na bar ta sai ƙarshe.

Tarin ¶ da tazarar da suka yi yawa, Ctrl da H ne maganinsu. A akwatin sama rubuta ^p^p, a na ƙasa ^p, ki maimaita Replace All har ya ce bai samu komai ba. Haka tazara biyu zuwa ɗaya. Alamar ^t tana kama Tab, ^l kuma karyayyen layi. Wannan na ƙarshen shi ne yake sa ki ga layi mai kalma uku ya miƙe daga gefe zuwa gefe a rubutun da aka daidaita gefensa biyu. Shafin take da shafin sa hannu kawai za ki ware, ki zaɓi daga Babi na Ɗaya zuwa ƙasa kafin ki yi musanyar, domin waɗancan shafukan da hannu aka fi tsara su.

Da kanun sun hau salo, ki goge ƙumshiyar hannu, ki je References, sannan Table of Contents. Word zai haɗa ta da kansa. Duk lokacin da malamin da ke duba ki ya sa kika ƙara ko kika rage, danna cikinta ki danna F9.

Lambobin shafi na Romawa a shafukan farko da na gama-gari daga Babi na Ɗaya suna bukatar raba sashe. Ajiye alamar bugu a ƙarshen shafukan share fage, je Layout, Breaks, Next Page. A kowane sashe ki shiga Insert, Page Number, Format Page Numbers, ki zaɓi salon lambar, a sashe na biyu ki ce ya fara daga 1. Ki kula kada ki goge wannan alamar daga baya, domin in ta tafi, shafukan da ke samanta za su ɗauki tsarin sashen da ke ƙasa.

Batun ƙ da ɗ da ɓ

Wannan matsala ce ta daban, kuma tamu ce. Kafin haruffan ƙugiya su samu a nau'o'in haruffa na yau da kullum, an ƙirƙiro wasu na musamman don Hausa inda aka zana ƙ a gurbin }, ɗ a gurbin ], ɓ a gurbin ~. Sun yi wa rubutun Hausa hidima sosai a lokacinsu, kuma har yanzu suna cikin kwamfutocin sassan Hausa da maɗaba'u. Sai dai abin da ke cikin fayil ɗin har gobe } ne, zanensa kawai aka canza. In kwamfuta ba ta da wannan nau'in, ainihin abin ya bayyana. Tun da kin ce a wasu wurare ne kawai, zato na shi ne waɗannan sassan an kwafo su daga tsohon fayil, ko an buga su a wata kwamfutar. Shift da F1 a kan kalmar zai nuna miki sunan nau'in.

Za ki iya kai wa mai shago nau'in a filas ya girka, aikin yau ya wuce. Ban fi son wannan ba, domin ranar da aka nemi kwafin kwamfuta don ɗakin karatu, ko kika so fitar da maƙala daga kundin, matsalar za ta dawo, kuma wanda ya nemi kalmar ƙasa a ciki ba zai same ta ba. Gara a musanya su da haruffan Unicode, waɗanda kowane ke da lambarsa: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. A Word, rubuta U+0199 ki danna Alt da X, zai koma ƙ. Kada ki bar U+ ɗin, domin in harafin da ya gabata a ne ko b ko d, Word zai haɗa shi cikin lambar. Ki fitar da kowanne sau ɗaya, ki kwafa, ki liƙa a akwatin ƙasa na Ctrl da H, a sama ki sa alamar da zai maye. Inda kika yi amfani da [ ] na gaskiya, kamar a rubutun furuci in bincikenki na nazarin sauti ne, kada ki danna Replace All, ki bi ɗaya-ɗaya. Don gaba, Windows yana da allon madannan Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe. In kuma kin ga ƙ ɗin ta fito amma ta fi sauran haruffa kauri ko tsawo, nau'in da kike kai ne ba shi da ita, Word ya aro daga wani. Charis SIL da Doulos SIL kyauta ne kuma suna da su duka, in sashenku ya yarda.

Jajayen layukan da ke ƙarƙashin kowace kalma ba sa fita a takarda, Word ne yake auna Hausa da ƙamus ɗin Ingilishi. In sun dame ki, zaɓi rubutun, je Review, Language, Set Proofing Language, ki sa alama a Do not check spelling or grammar.

Inda hanyar take tsayawa

Akwai fayil ɗin da ya sha hannu har gyaransa ya fi sake shi wahala, musamman wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin manhajar WPS a waya da Word a kwamfuta, ko wanda aka juyo daga PDF, inda za ki ga ¶ a ƙarshen kowane layi. Irin wannan nakan buɗe sabon fayil, in saita A4 da salo, in kwaso rubutun babi-babi da zaɓin Keep Text Only. Hasararsa ita ce karkatattun haruffa, jadawali da bayanan gindin shafi duk sai an sake su da hannu. In kundinki yana da ayoyi ko ajami, su ma suna da nasu saitin na rubutu daga dama da girman harafi na daban, kuma na fi son a gyara su sakin layi bayan sakin layi. Wanne ya dace da naki, gyara ko sabon fayil, sai an buɗe an gani. In kin kunna ¶ kika tarar da tarin Enter da tazara ne kawai, gyara ya isa, aikin yini ɗaya ne. A waya kuma ba zan ba ki shawarar yin wannan aikin ba, manhajojin waya ba su da yawancin allunan da na ambata.

Ko bayan duk wannan, fayil ɗin Word yana iya ɗan motsawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Don haka in kin gama, ki sabunta ƙumshiya da F9, ki yi Save As ki zaɓi PDF a kwamfutar da kika yi aikin, ki buɗe shi ki duba farkon kowane babi da haruffan ƙugiya. PDF ɗin za ki kai shago, ki ce a buga shi a ainihin girmansa. Fayil ɗin Word ki riƙe shi a wurinki don gyaran da za a ba ki bayan kare kundi. Allah ya ba da sa'a.